Kan laka a ɗakin Kawu Idi

Daren Talata, watan Safar

Barci ya ƙi zuwa. Duk abokina Sani ya ja min, da ya nuna min wani Ba'indiye a wayarsa. Mutumin zai kalli fuskarka, ya murza laka da yatsu, sai ga ka kamar za ka yi magana. Na ce ai ni ma zan iya.

Na ɗebo laka a kududdufin bayan Ƙofar Marusa, na gina kan Kawu Idi, har da giɓinsa da kunnensa mai lanƙwasa. Na ɗora a kan katanga, na sa masa tsohuwar hularsa, muka laɓe muna jiran dariya.

Da ya dawo daga Magariba ya haska fitila, ya ƙura wa kan ido. Can ya ce, "Yaya Sule, kai ne?" Yaya Sule kuwa, wansa ne, ya rasu tun ban yi wayo ba.

Na fito, na ce, "Kawu, wasa ne, kawo in fasa."

Ya ce, "Taɓa shi ka gani, ɗan nema." Ya rungume shi ya shige ɗaki.

Sai yanzu karatun Malam ke dawo min, cewa wanda ya gina siffar mai rai, ranar lahira za a ce ya busa mata rai. Ni da me zan busa? Astagfirullah. In bai bari na fasa ba, ina zan sa kaina?

Ga shi ina jin muryar Kawu ta bango, yana tambayar kan nan ya gajiya, ya kwana biyu. Ya Allah, kada a amsa masa.