Gwajin Jini da Tattabarun Baba

Assalamu alaikum Yaya Habu,

Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Yaya, borin jinin nan ya ƙi barina, wata bakwai ke nan. Jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, in yi ta susa har sai na ji ciwo. A shagona na kasuwar Muda Lawal masu sayayya daga nesa suke tsayawa. Na bar kifi, na bar ƙwai, na bar gyaɗa. Da aka ce mini gashin tsuntsu ne, sai na kwashe tattabarun da marigayi Baba ya bar mana, na kai wa wani mutum a Inkil, na rushe ɗakinsu. Kunya ta hana ni faɗa maka.

Jiya na karɓo sakamakon gwajin jini, wanda ake duba abin da jiki ba ya so. Ba a ga komai ba. Na ce, "Likita, har tattabaru?" Ta ce, "Har su. Irin wannan mai daɗewa, sau da yawa ba a gano dalilinsa. Ka ci gaba da shan magani."

Wallahi da ta ce kifi ne, da na yi murna. Me kuma ya rage in bari?

Ka tambayar mini likitocin can, ka sa ni a addu'a, ka gai da kowa. Kuma ka yafe mini. Huɗu daga cikin tattabarun sun dawo. Kullum da yamma sai su sauka a kan katanga, suna duban inda ɗakinsu yake a da.

Ƙaninka,
Sabo