Hoton Innata a Jikin Motarku

Zuwa ga Mushe Darakta, kamar yadda ake kiranka da Faransanci,
Shugaban ƙungiyar agajin da ke da buro, wato ofis, a Birnin Konni, mai fararen motocin nan da aka manna wa hoton mace da yaro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina roƙon ka karanta wannan takarda da kanka, kada ka miƙa wa sakatare.

Sunana Rakiya, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a nan Konni, haifaffiyar Dogarawa. Na yi ta zarya buronka ban samu ganinka ba. Kullum ko ka tafi Yamai ko kana taro. Shi ya sa na rubuta a fili, kowa ya gani. Ban kama sunan ƙungiyarku ba saboda direbobinku da masu gadinku 'yan garin nan ne, 'ya'yan wasunsu suna ajina, kuma ba su yi mini komai ba. Kai dai ka san da kai nake.

Matar da ke jikin motocinku uwata ce. Yaron da ke kuka a cinyarta ni ce.

Bari in faɗa maka yadda hoton ya fito duniya, tunda ga alama babu wanda ya damu ya tambaya a buronka.

Shekarun baya na buɗe bulog, wato shafin intanet da mutum yake rubuta abin da ke ransa, mai so ya karanta. Ranar Laraba da yamma, da ba mu da aji, nakan je sibar ɗin bakin tasha in zauna gaban kwamfuta, in dai wuta ba ta ɗauke ba. Ba wani babban abu nake rubutawa ba: ɓarnar yaran ajina, tsadar albasa, ruwan da ya ƙi zuwa. A hankali na samu abokai. Mu kaɗan ne, yawanci 'yan yankin nan da neman ilimi ko neman abinci ya watsa duniya. Akwai ɗan Illela da ke tuƙin babbar mota a ƙasar Turawa, akwai 'yar Bazaga da ke aure a Kwatano. Ba mu taɓa haɗuwa ido da ido ba, amma in ɗayanmu ya yi shiru kwana biyu, sai ka ga ana ta cigiyarsa.

A cikinsu akwai Zainabu, tana aikin jinya a Kanada. Mahaifinta shi ne lokotoron Dogarawa, wato likitan garin, lokacin muna ƙanana, mutum mai son ɗaukar hoto. Da ya rasu ta gaji kwalin hotunansa, ta riƙa sa su a shafinta ɗaya bayan ɗaya tana tambaya wa ya gane wurin. Mu kuwa mu yi ta gardama kamar yara: wannan rijiyar bakin kasuwa ce, a'a ta bayan masallaci ce. Wani ya tuna jakin da ya kayar da shi a gindin wata tsamiya, wani ya tuna dukan da ya sha a kan satar gyaɗa.

Wata Laraba na buɗe shafinta. Ka san yadda intanet ɗin Konni yake, hoto yakan sauko kaɗan-kaɗan daga sama. Na fara ganin kan rumbu, karkatacce, irin namu. Sai damman gero jibge a gefensa. Sai mata uku a tsaye da taɓarya, suna dariya. Can ƙasa sai ga wani kallabi, sai goshi, sai zanen fuska. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Mai sibar ya zaci wuta ce ta ja ni.

Inna ta rasu ina aji biyu. Ba mu da hotonta ko ɗaya. Na girma ina rufe ido ina neman fuskarta, ba na samu sai muryarta. Ranar nan na gan ta. Tana zaune a ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta riƙe ƙafata tana cire mini ƙarangiya, ni kuma na wage baki ina ihu. Sai abubuwa suka yi ta dawo mini: yadda take lasar yatsa kafin ta kama ƙayar don kada ta soke ta, ƙanshin man shanu da hayaƙi a zanenta, yadda take ce mini mai tsoron ƙaya ba ta zuwa gona. Kaka ce, an gama girbi, ana dakan bikin sunan maƙwabta. Ƙwaryar da ke gefenta babu komai a ciki don ta riga ta juye surfen a turmi.

Na sa aka wanke mini hoton, na shiga taksin Dogarawa na kai wa Baba. Ya nesanta shi da idonsa, ya duba da kyau. Sannan ya ce, "Kulu ce. Wanga zane ni na sawo mata shi Sakkwato, shekarar da wake ya yi." Kafin la'asar gidanmu ya cika. Biyu daga cikin matan da ke daka suna raye, suka gane kansu, suka yi ta tafa hannu suna tsokanar juna a kan haƙoran da suka zube. Kowa a unguwarmu ya riƙe hoton nan a hannunsa. Ka riƙe wannan maganar, Mushe Darakta, don ka gane girman abin da kuka yi.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Kun ɗauki hoton daga shafin Zainabu ba ku tambaye ta ba. Adireshinta na nan a saman shafin, sunana da labarin hoton suna nan a ƙasansa, don ni na rubuta su da hannuna. Wanda ya kwafe hoton ya ga rubutun. Tsallake shi ya yi.

Na biyu. Kun yanke shi. Kun cire rumbu, kun cire damman gero, kun cire matan da ke dariya. Kun bar mace a ƙasa kanta a sunkuye, da yaro yana kuka, da ƙwarya wayam. Wannan ba kuskure ba ne. Sai da mutum ya zauna ya dubi gero jibge, ya ga zai ɓata masa labari, ya sa hannu ya share shi.

Na uku, kuma shi ne wanda ya hana ni sukuni. Kun rubuta a ƙasa da Faransanci cewa wannan uwa ce da ɗanta a yankin Tawa, bana, gero ya ƙare, miji ya gudu ya bar su. Ko mace ce ko namiji ne yaron, ba ku sani ba. Matar da kuka ce bana take jin yunwa ta fi shekara ashirin a kabari. Mijin da kuka ce ya gudu kuwa yana da suna, Malam Idi, yana nan da ransa, kuma yana zaune a rumfar mai goro ranar da motarku ta tsaya a kasuwar Dogarawa. Jama'a suka kewaye ta suna cewa ga Kulu, ga Kulu. Da farko murna ake yi. Sai wani da ya yi lakwal ya karanta rubutun da ƙarfi, ya fassara. Wasu matasa da ba su san komai ba suka fashe da dariya. Baba ya ɗauki sandarsa ya koma gida.

Bari in gaya maka wane ne ka ce ya gudu. A babbar yunwar da aka yi muna yara, maza da yawa sun ƙetara iyaka neman abin da za su aiko, kuma ban ga laifinsu ba. Baba bai tafi ba, don Inna tana kwance. Ya sayar da jakinsa, ya sayar da rigarsa ta Juma'a, ya yi ƙodago a gonakin albasar wasu, ya dawo ya dama mata kunu da hannunsa, maza suna yi masa ba'a. A cinyarsa ta cika. Bai sake aure ba sai da ya aurar da yayata. Abin da ya mallaka a duniya ke nan, wannan shaidar da garinsu ya yi masa. Yanzu ya daina zuwa kasuwa. Daga masallaci sai ɗaki. Da na je duba shi ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa kamar mai laifi, "Rakiya, har ƙasar Turawa an karanta na gudu?" Me zan ce masa? An karanta. Zainabu ta ga hoton a takardar neman taimakon da kuka aika can.

Na huɗu. Da na gaji da jiranka, aka haɗa ni da saurayin da ke kula da hotuna da sanarwarku. Ko kujera bai nuna mini ba. Ya ce, "Madam, abin da ke intanet ai na kowa ne. Hoton misali ne kawai." Na ce uwata ba misali ba ce. Ya yi murmushi, ya ce in iyalin suna cikin buƙata, ana iya duba yadda za a kai wa tsoho buhun gero. Wallahi, Mushe Darakta, da ba don ina tuna ni malama ce, yara suna kallona a gari ba, da ranar an ji mu har tasha. Kun ce ya kasa ciyar da matarsa, sannan ku aika masa gero a motar da ke ɗauke da zagin, a sauke a ƙofar gidansa kowa na gani?

Na biyar. Zainabu ta rufe shafinta. Ta rubuto mini tana ba ni haƙuri a kan laifin da ba nata ba, ta ce ta ci amanar mahaifinta da ta mutanen da suka yarda ya ɗauke su. Ta sauke hotunan duka. Kwalin bai ko kai rabi ba, kuma ta ce tana zaton akwai wani na Inna a bakin rijiya, amma ba za ta ƙara sa fuskar kowa inda hannunku zai kai ba. Ɗan Illela ya daina rubutu. 'Yar Bazaga ta goge hotunan 'ya'yanta. Mu talakawa ne da muka samu ɗan wurin da muke taruwa mu tuna gida, ba mu tare wa kowa hanya ba. Kun shigo kun ɗauki abin da kuke so, kun bar mu muna tsoron juna da tsoron abin da muka saka.

Kada a ce ban san aikinku ba. Na sani. Shekarar da fara ta cinye gonaki na ga yaran ajina suna barci a kan tebur don yunwa, na kuma ga motocinku sun kai hatsi ƙauyuka. Allah ya saka. Yunwa gaskiya ce a ƙasar nan, ba ta buƙatar a yi mata ƙarya. Masu jin ta suna da baki, suna da suna, ana iya zama a gaishe su a nemi yardarsu. Amma ku kun ga ya fi sauƙi ku ɗauki matacciya, don ita ba za ta ce a'a ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa.

A ɓanɓare hoton daga kowace mota da kowane bango, a daina buga shi a takardunku na nan da na waje.

A rubuta wa Zainabu takardar ban haƙuri da sa hannunka, ba na sakatare ba, ko Allah zai sa ta sake buɗe kwalin mahaifinta.

A kafa doka a buronku cewa ba za a ƙara amfani da fuskar mutum ba sai da saninsa ko sanin danginsa. Ban ce a kori saurayin nan ba. A koya masa abin da ba a koya masa ba.

Na ƙarshe ba nawa ba ne, na Baba ne. Na tambaye shi ko in kai ƙara gaban alƙali. Ya ce a'a. Ya ce, "A kasuwa aka faɗa, a kasuwa za a warware. Babbansu ya taho ranar kasuwa, ya tsaya inda motar ta tsaya, ya ce da Hausa Idi bai gudu ba. In ya taho, baƙo ne, a shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura da geron gonata." Daga Konni zuwa Dogarawa ba nisa, direbobinku sun san hanya. Ka sa rana, ni zan nemi izini a lakwal in tsaya kusa da kai, in Hausar ta ƙwace maka in taya ka.

Ina yi maka addu'a Allah ya ba ka ikon riƙe amanar da aka ɗora maka, ya sa albarka a hatsin da kuke rabawa, ya ba mu damina mai kyau har a daina neman ku. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ƙara mata lafiya. In ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a bakin hanya mota ta wuce da fuskarta, da ƙarya a rubuce a ƙasa.

Wassalam.

Rakiya 'yar Malam Idi da Kulu,
Birnin Konni.