Mece Ce Ita a Wurinka?

Ya sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko bayan dogon zafi, ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san bai cancanci a amsa masa ba.

Yau kwana goma sha biyu rabona da muryarki. Goma sha biyu! Kuma ba sai an faɗa mini laifin wa ba ne. Kin tuna ranar nan a falon yayarki, da kika tsuke fuska kika zauna bayan teburin guga, kika ce ke ce manajar gidan abinci ni ne mai neman aiki, don ki shirya ni intabiyu? Sau tara kika sa na maimaita “barka da zuwa, me za a kawo miki”, kina cewa murmushina kamar na wanda aka taka wa ƙafa. Muna cikin dariya sai bakina ya ja mini. Na ce ni da digirina ba zan ƙare a suyar dankali ba, wannan aikin sai waɗanda suka saba da goge-goge. Na faɗa wa wa? Ke, da kika shekara huɗu kina goge ɗakunan asibiti da hannayen nan da nake rantsuwa babu irinsu! Kika naɗe wayar dutsen guga kika shige ciki.

To, na je intabiyun. Jiya da safe na zauna a benci a gidan abincin, mu bakwai, ga ƙaurin mai, ga injin suya yana ta ƙara, ma'aikata cikin jajayen huluna suna kai da kawowa ba mai kallon kowa. Manajar wata gajeriyar mata ce mai biro a bayan kunne. Faratana ta fara dubawa, digirin kuwa gefe ta ture shi kamar takardar naɗe burodi. Ta tambaye ni ko zan iya tsayuwar awa takwas, da abin da zan yi idan mai saye ya daka mini tsawa, da ko na taɓa soya wani abu. Na ce ko ƙwai ban iya ba. Ta yi dariya ta ce suya a kwana uku ake koya ta. Na ce a raina, soyayyar da na ƙona fa, a kwana nawa ake gyara ta?

Da ta ce in gwada tarbar mai saye, da muryarki a kunnena na yi. Sun ɗauke ni, masoyiyata, Litinin zan fara. Kin san aikin sabon shiga? Goge tebura da ƙasa. Yi dariyarki, kina bi na bashinta, wallahi da zan ji ta da na fi kowa murna.

Sai ta miƙo mini fom. Akwai layin da aka ce a rubuta wanda za a kira idan wani abu ya same ni a bakin aiki. Kafin in yi tunani hannuna ya gama rubuta lambarki. Ba ta Baba ba, ba ta ƙanena ba, taki. A ƙasa kuma an ce a rubuta dangantaka. Nan biro ya tsaya. Manajar ta leƙo ta ce, “Mece ce ita a wurinka?” Ni da na amsa tambaya goma ban yi gargada ba, sai ga ni ina kallon tebur idanuna sun cika. Me zan ce? Wadda zan aura, alhali ko gaisuwata ba ki amsawa? Wadda na sani? Haba! Ana ce wa numfashi wanda aka sani? Ta ce in tafi da shi gida, amma ba a karɓar fom da gurbi.

Na yi kuskure, na ci miki fuska, kuma kunyar abin tana cina kullum. Ban ce ki yafe yau ba. Amma fom ɗin yana gabana, kuma ba zan sa kalma a layin nan da ba daga bakinki ta fito ba. Idan kin ce in goge lambar, zan goge, in sa ta ƙanena. Sai dai ki sani, ko wa suka kira, ke zan riƙa dubawa a bakin ƙofa.

Naki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba, har numfashina ya ƙare,
Sabon mai goge tebur