Ƙarfen da aka ɗaura wa tsuntsayen baraji

Daren Talata, watan Rajab

Rubuta mini, Hadiza, barci ya ƙi zuwa. Issufu ɗan ƙanwata ya yaudare ni. Ya same ni a lambuna na bakin baraji, wato madatsar ruwa, ya ce, "Inna, nuna wa baƙin nan inda tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ke sauka, foto kawai za su ɗauka." Tsuntsayen da ke zuwa mini kowace shekara, ko yara ba na bari su jefe su. Da ƙafata na kai baƙin. Ashe raga suka kafa. Suka kama tsuntsayen, suka ɗaura musu wani ɗan ƙarfe mai waya a baya, wai don su san inda suke tafiya.

Yau na ga ɗaya yana ta tsinkar bayansa, ko abinci ba ya nema. 'Yan'uwansa suka tashi, shi ya rage.

Yanzu mata a kasuwa na cewa ƙarfen leƙen asiri ne, zandarma za su zo bincike. Na kira Issufu. Ya ce, "Inna, in sun tambaya, ki ce ke kaɗai kika kai su." Ni da na goya shi.