Kundin da Ke Cikin Akwatin Ƙarfe

Jidda, 9 ga Maris, 2024

Zuwa ga ƙanena Safiyanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Mukarrama da yara. Yaya ƙafar Yaya Bilki?

Yau shekara talatin da na miƙa wa jami'a bincikena kan yadda manoma da gwamnati za su haɗa hannu a gina gadar rafinmu na Kurmin Kogi, kowane gida ya ba da buhu ɗaya da kaka. Digiri suka ba ni, aikin kuwa ba wanda ya waiwaye shi. Har yau da damina sai kun jira ruwa ya janye.

Ni lafiya lau nake. Gadin sito ba wuya, sai dai nakan kwana uku ban yi Hausa da kowa ba.

Makon jiya wata malamar jami'a, Dakta Hephzibah, ta kira ni. Tana so ta ɗora nata binciken a kan nawa, amma ta nemi kundin a laburare ta rasa. Ita ce ta farko da ta taɓa tambaya. Na ce mata nawa yana gida cikin akwatin ƙarfe, shi ya sa na ce ka duba mini.

Sai ga saƙonka, cewa gara ta warwatsa shafukan, Yaya Bilki ta ga Bisimilla a na farko, ta ƙone su duka don kada a taka sunan Allah. Kada ka yi mata faɗa. Ita kaɗai ta taɓa girmama kundin nan. Allah ya yi mata albarka.

Ga lambar Dakta a ƙasa. Kai ka kira ta ka gaya mata, ni ba zan iya ba. Shafi ɗari uku da sha biyu ne, kuma babu wani kwafi.

Yayanka,
Ja'afaru