Kwalba Ta Biyu

Gaya, 1 ga Yuli.

Zuwa ga Yaya Garzali, Toranke.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya damina, ya jikin Baba? Ka gaishe min da Inna da Maimuna.

Tunda wayarka ta faɗa rijiya ka ƙi sayen wata, dole na koma takarda. Ga kwalba ta biyu ta maganin Baba nan na ba Kamilu direba. Zan maimaita maka, don na san kanka da mantuwa. Ciwon hantar da aka samu Baba da shi, nau'in C, yana warkewa, amma sai ya shanye kwalba uku a jere. Kowace kwalba ƙwaya ashirin da takwas ce, ɗaya kullum bayan asuba, ba fashi. Daga Indiya ake kawo mana shi. Ba na kamfanin asali ba ne, amma aikinsu ɗaya, kuma shi ne talaka zai iya samu. A asibitinmu kowace kwalba da sunan mai ita, babu rara. Majinyata goma sha tara nake bibiya, kuma akwai wasu a layi suna jiran kaya su iso.

Ka ci gaba da ɓoye zabirarsa. Ba aski, ba ƙaho, ba tsaga. Idan kwalbar ta ƙare ka aiko min da ita.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka, Nuriyya.

Toranke, 18 ga Yuli.

Zuwa ga likitar gidanmu.

Salamu alaikum. Muna lafiya, gyaɗa ta yi kyau, ciyawa ce dai ta hana mu sakat.

Albishirinki. Baba ya murmure, yana cin tuwo har da neman ƙari. Mutumin da ya shekara arba'in yana tsaga mutane, ranar da kika ɗebi jininsa sai da aka riƙe shi, an ce wanzami ba ya son jarfa. To yanzu shi da kansa yake neman magani, ya ma karɓe kwalbar daga hannuna ya ce shi ba yaro ba ne. Kullum da sassafe yana sa ta a aljihu ya fita miƙe ƙafa. Ga ta nan na aiko miki wayam, shekaranjiya ya gama da ita. Sai ki turo ta uku.

Inna tana gaishe ki. Yayanki, Garzali.

Gaya, 19 ga Yuli.

Yaya,

Gaisuwa. Na buɗe kwalbar nan na gan ta wayam. Wane irin albishir ne wannan? Ranar uku ga wata ya fara ta, ya kamata ta kai shi ƙarshen wata. Ina ƙwaya goma sha huɗu suka shiga? Ko biyu-biyu yake sha, ko zubarwa yake, ko wani yake ba. Kuma yau kwana uku ke nan ba magani a jikinsa. Idan aka yi dogon fashi, ƙwayar cutar tana iya dawowa, kuma maganin da ake ba wanda na farko bai yi masa ba, ba mu da shi.

Ba zan saki ta uku ba sai na san abin da ya cinye ta biyu. Gobe ba hanyar tahowata, ni kaɗai ce a ɗakin magani. Don Allah ka ajiye fartanya ka bi sawun tafiyar nan tasa ta safe.

Ina jiran amsa a motar Kamilu. Nuriyya.

Toranke, 21 ga Yuli.

Nuriyya,

Salamu alaikum. Na karɓi faɗanki, kuma na cancanta.

Na bi shi. Rugar Baffa Bubayero yake zuwa, amininsa, wanda yake yi wa ƙaho duk shekara tun ba a haife mu ba. Na tarar da Baffa a kwance ƙarƙashin rumfa, ya rame, idonsa ya yi rawaya, ƙafafunsa sun kumbura. Su a wajensu ciwon shawara ne, jiƙo suke ta ba shi.

A hanyar dawowa na titsiye Baba. Bai yi musu ba. Ya ce kullum ƙwaya biyu yake fitarwa, ɗaya shi ɗaya Baffa, kamar yadda suke raba goro. Na ce masa ai magani ba goro ba ne, lissafaffe ne. Sai ya tsaya a bakin gonar Malam Suhaibu ya dube ni ya ce:

"Ƙanwarka da bakinta ta ce min ciwon nan ta aska yake bi. Askar da nake gyara gemuna da ita, da ita nake tsaga bayan Bubayero. Ni na sa masa ke nan. Yanzu in zauna in haɗiye magani ni kaɗai, shi yana kwance?"

Wallahi Nuriyya ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar. Ya ce in gaya miki, ko kin aiko da ta uku, rabawa zai yi, in kuma aka hana shi rabawa shi ma ya bar sha. Kin san shi in ya kafe.

Yau kwana biyar. Ki faɗa min abin yi.

Garzali.

Gaya, 23 ga Yuli.

Yaya Garzali,

Assalamu alaikum. Na karanta takardarka sau uku. Da farko haushi ya kama ni, daga baya kuka. Ni na yi masa bayanin aska don ya daina sana'a, ban taɓa kawowa a raina cewa zai ɗauki maganar ya aza wa kansa laifi ba. Ka faɗa masa babu wanda ya san wa ya sa wa wani, yana iya yiwuwa ma daga Baffa ta zo masa.

Na faɗa wa likitanmu gaskiya, duk da kunyar da na ji, ni mai yi wa 'ya'yan wasu huɗuba ga abin da ya faru a gidanmu. Ya ce ba inda za a samo cikon goma sha huɗun nan, sabbin kaya sun maƙale a hanya, ba a san ranar isowarsu ba. Abin da ya rage shi ne Baba ya fara ta uku yanzu-yanzu, ya shanye ta shi kaɗai. Ko ta wadatar ko ba ta wadatar ba, sai gwajin wata uku bayan ya gama zai nuna. In kuma fashin ya kai mako uku, sai dai a dakatar.

Shi ma Baffa ba gata aka yi masa ba. Ba a ba mutum wannan magani sai an gwada shi, kuma rabin magani ba ya kashe cuta. Ku ɗauko shi gobe a motar Kamilu in sa a duba shi.

Ga kwalbar nan. Kada ka ba Baba. Ka tafi da ita ruga, ka zauna gaban Baffa, ka ƙirga masa ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ka gaya masa adadin da ya kamata Baba ya sha da adadin da ya rasa. Na tabbata bai san lissafaffe ba ne. Na san abin yana da nauyi, kamar tona asirin Baba ne, amma ban ga wanda Baba zai ji maganarsa ba sai Baffa.

Allah ya ba ka ƙarfin hali. Ƙanwarka, Nuriyya.

Toranke, 26 ga Yuli.

Nuriyya,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri ban shigo na gan ki ba shekaranjiya, Kamalu ɗan Baffa ne ya kawo shi, ni na tsaya da Baba.

Na yi yadda kika ce kafin motar ta zo. Ashe Baba ce masa ya yi buhu guda kika aiko. Da na gama ƙirgawa, Baffa ya rufe fuska da rawani. Ana cikin haka Baba ya iso, ya ga kwalba a hannuna, ya yi min wani kallo da har yanzu bai bar ni ba. Baffa ya yunƙura ya zauna ya ce:

"Inuwa, ashe ranka kake gutsura mini? In ka ƙara miƙo min ƙwaya ɗaya, ban yafe ba, kuma kada ka tsaya a kan gawata."

Baba ya yi ta kawo hujja, Baffa ya ƙi saurara. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ya ce sai ya haɗiye a gabansa. Yanzu kwalbar tana ruga, a ƙarƙashin matashin Baffa. Kullum Baba yana zuwa, Baffa ya ba shi ɗaya, ya ce ya buɗe baki ya gani.

Kamalu ya ce an samu ciwon a jinin Baffa, kin sa sunansa a layi, amma hantar ta ci sosai. Ban faɗa wa Baba wannan na ƙarshen ba. Ni dai har yau ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Ki sa mu a addu'a. Garzali.

Toranke, 20 ga Nuwamba.

Nuriyya 'yata,

Da sunan Allah. Garzali nake faɗa wa yana rubutawa, mun shirya.

Saƙonki ya iso, cewa ba a ga cutar a jinina ba. Alhamdu lillahi. Na so in kai wa Bubayero labari, amma kin san yau kwana tara da muka rufe shi. Kin ce maganinsa ya iso ranar Laraba. Ki ba na bayansa a layi, ki ce masa ya sha shi kaɗai.

Ranar Litinin ina tafe da mutum goma sha ɗaya a motar Kamilu. Duk na taɓa tsaga su. Na bi su gida-gida na faɗa musu da bakina, biyu sun zage ni, amma za su zo. Ki tanadi allura.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki, Inuwa Wanzami.