Ƙorafi Kan Fuskokin Kwamfutar Kefas da Aka Kai Kurfi

Alhaji Rabo Garba Shema,
Bayan Tashar Mota,
Dutsin-Ma, Jihar Katsina.
13 ga Nuwamba, 1989.

Zuwa ga Mai Girma Sakatare,
Kwamitin Duba Lasisin Ƙananan Sana'o'i,
Shiyyar Dutsin-Ma da Kurfi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘWACE FUSKOKIN NA'URA MAI ƘWAƘWALWA GUDA BIYU A GIDANA, BISA ZARGIN CEWA TALABIJIN NE

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ni ne mai suna a sama, tsohon ɗan kasuwar wake da hatsi wanda ciwon ƙafa ya zaunar a gida. Tun da nake ban taɓa kai ƙorafi gaban hukuma ba, wannan ma ba don kaina nake yi ba. Ina yi ne saboda Malam Kefas Bulus, mutumin Jihar Filato, wanda ke haya a sashen gaba na gidana shi da matarsa Dina tun 1977. Shi ya ce a bar wa Allah. Ni ma na bar wa Allah, amma na ga babu laifi in aiko maka da kwafi.

Domin Mai Girma Sakatare ya fahimci tushen maganar, Malam Kefas ya yi aikin akawu a wani kamfani da ya haƙa magudanan ruwa a gefen Zobe. Da kamfanin ya gama aikinsa zai tashi, sai ya yi gwanjon tsofaffin kayan ofis. Masu hankali suka sayi fanka da kujeru da firji. Malam Kefas ya zuba kuɗin sallamarsa ya sayi matattun kwamfutoci huɗu, ya kawo su gidana a kan amalanke. Na faɗa mashi ra'ayina a ranar, Dina kuma ta yi kwanaki tana ajiye mashi abinci ba tare da ta ce ga shi ba. Damina guda ya kwashe yana ciro hanjin wannan yana sa wa waccan, har Allah ya nufa biyu suka farfaɗo.

Ɗaya ya ajiye a ɗakin ciki, ba a kashe ta, ita ke riƙe duk aikin da aka yi wa mutane. Ɗayar tana shago a bakin titi, inda Dina ke zama tana bugawa. Waya ce ta haɗa su, ta wata kafa da ya huda a bangona, ya kuma nemi izinina bayan ya gama hudawar. Yadda na fahimta, ta cikin rumbu ce, ta wajen kuwa ƙwaryar ɗiba. Da su suke buga katin ɗaurin aure, da takardun neman aiki, da tambayoyin jarrabawar makarantu, da sanarwar masunta, ayyukan da a da sai an shiga mota zuwa Katsina. Na janye ra'ayina na farko, ko da yake ban sanar da shi ba.

Ga ƙorafe-ƙorafena dalla-dalla:

1. Ranar Talata, 17 ga Oktoba, 1989, jami'in kwamitinku Malam Audi ya iso gidana da a-kori-kura. Na ba shi kujera, Dina ta kawo mashi zoɓo mai sanyi, ya sha, ya ƙara. Sannan ya dubi fuskokin na'urorin, wato akwatunan gilashin da rubutu ke fitowa a kansu, ya yanke hukunci cewa talabijin ne, kuma tun da akwai benci da mutane a kai, to gidan kallo ake yi ba lasisi. Malam Kefas ya nuna mashi lasisin shagon buga takardu da wannan kwamiti ya ba shi da kansa. Malam Audi ya ce lasisin na tafireta ne, shi kuwa bai taɓa ganin tafireta mai gilashi ba. Ranka ya daɗe, mutanen da ke kan bencin nan kashi biyu ne. Akwai masu jiran takardunsu, akwai kuma dattawan unguwa da ke zuwa shan iskar fankar da aka kunna wa na'urar. Ina cikin kashi na biyu, kuma ina shaida cewa babu abin da muka taɓa kallo a wurin sai ƙeyar Dina.

2. Malam Audi ya ɗauki fuskokin biyu ya bar akwatunan ƙarfen da ke ƙarƙashinsu, alhali a cikinsu ne aikin yake. Da Malam Kefas ya roƙe shi ko dai ya bar duka ko ya kwashe duka don kada a raba su, sai ya ce hukuma ba ta tara gwangwani. A takardar shaidar da ya bar mana ya rubuta "talabijin biyu, marasa murya". Ya kuma tafi da mayafin da Dina ta saƙa tana rufe su da shi, wanda bai shiga cikin takardar ba.

3. 'Yan kasuwar da ke zuwa Kurfi, mutanen da na yi shekaru ina awo da su kuma ban san su da ƙarya ba, sun shaida mani cewa an kafa doguwar gora da eriya a kanta a jikin ɗakin ajiyar kwamiti da ke can, inda aka kai fuskokin. Sun ce bayan la'asar akan tada inji, a fito da fuskokin a ɗora kan tebur, maƙwabta su zo da tabarmi. Wani ya hau katanga yana juya gorar, gabas, arewa, har kudu an gwada. Abin da ke fitowa koren haske ne kawai, shi ma ba kullum ba. Wata mai ƙosai ta fara kafa kasko a wurin, amma na ji ta koma inda take da. Ni ban ce Malam Audi yana neman kallon ƙwallo ba ne. Na ɗauka bincike yake yi domin tabbatar da zarginsa. Idan kuwa bincike ne, ina ganin sakamakon ya fito tun ranar farko, kuma bai canja ba. Abin da ya fi tada mani hankali shi ne labarin cewa an kira mai gyaran rediyo ya kwance bayan ɗaya daga cikinsu. Malam Kefas da ya ji haka, ranar bai ci abincin rana ba. Ya ce idan aka ƙona wani abu a ciki, ko a Kano ba lalle a samu madadinsa ba.

4. Tun da aka tafi da fuskokin, na'urorin suna nan da ransu, suna gurnaninsu, amma ba mai ganin abin da suke yi. Dina ta ce yatsunta sun san hanya, za ta gwada bugawa a makance. Ranar 26 ga Oktoba ta buga katin ɗaurin auren ɗan Malam Mamuda na Karofi. Motar Karofi na shirin tashi, Malam Kefas ya duba saman katin ya ga sunan ango da na amarya daidai, aka ɗaure aka miƙa. Ashe na'urar ciki ta haɗo da wutsiyar sanarwar masuntan Zobe. A ƙasan kowane kati, bayan addu'ar Allah ya ba da ikon halarta, an rubuta cewa duk wanda aka kama da raga mai ƙananan idanu za a ƙwace ta a ƙona a gaban jama'a. Dangin amarya suka aiko a tambaya ko habaici ne ake yi masu. Wani kawunta ya ƙi shiga zaure ranar ɗaurin auren sai da ya ɗaga hannuwan rigarsa ya nuna bai zo da komai ba. An ɗaura aure lafiya, alhamdu lillahi, amma sai da na hau mota da wannan ƙafar tawa na je Karofi na ba da haƙuri. Malam Mamuda ya yafe, yana dariya har da hawaye. Dina ba ta yi dariya ba, ba ta kuma sake taɓa na'urar ba.

5. Sau uku Malam Kefas yana zuwa Kurfi neman kayansa. Na farko aka ce ya koma ya zo da mai talabijin ɗin. Na biyu aka ce Malam Audi ya tafi Zobe duba lasisin masu kifi. Na uku ya same shi, suka gaisa cikin mutunci, sai Malam Audi ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali inda ake murɗawa a kamo tashar Katsina.

6. Jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Shugabannin makarantun da suka saba kawo aikinsu nan sun fara kai shi Katsina, kuma ban ga laifinsu ba. Yayan Malam Kefas ya aiko daga Jos cewa akwai gurbin akawu idan yana so. A makon jiya na ga Dina tana karɓar kwalaye a wurin mai shagon sabulu, na tambaye ta na mene ne, ta ce na ajiya ne, ba ta dube ni ba. Ranka ya daɗe, na san wannan ba ya cikin aikin kwamitinku, amma tun da na fara bari in ƙarasa. Lokacin da mai ɗakina Hajiya Turai ta kwanta ciwon ajali a 1984, 'ya'yana duk suna nesa. Dina ce ta yi jinyarta, ta juya ta, ta wanke ta, ta koyi dama fura yadda take so. Malam Kefas ne ya bi motar dare ya je ya sanar da ɗana a Zariya. Tun daga lokacin Dina ce ke tsare mani gishirin da likita ya hana ni, tana kuma kai ƙarata wurin 'ya'yana idan ta ga mai tsire ya tsaya a ƙofata. Wannan ɗabi'a tata ba na jin daɗinta ko kaɗan, kuma ban san yadda zan yi ba idan babu ita.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma Sakatare da ya ba da umarni a dawo da fuskokin nan biyu kafin ƙarshen wannan wata na Nuwamba, tare da mayafinsu, a cikin mota, a kan katifa ko buhunan dusa, saboda hanyar Kurfi ka san ta. Kafin nan a dakatar da mai gyaran rediyo. Ina kuma roƙon a gyara lasisin Malam Kefas a rubuta kwamfuta ɓaro-ɓaro, domin kada wani jami'in ya zo baɗi ya ce akwatunan ƙarfen su ma firji ne.

Ba na neman a hukunta Malam Audi. Na san mahaifinsa, mun ci kasuwa tare, mutumin kirki ne, kuma yaron ya gaishe ni da kyau ranar da ya zo. Idan ya rako kayan da kansa, akwai wuri a kan benci, ya zauna ya ga yadda rubutu ke fitowa, ya huta da juya gora.

Ina roƙon a dubi wannan takarda da gaggawa. Ɗakunan gaba na gidana, in suka tashi yau, kafin jibi na sami mai kama su, har da ƙarin kuɗi. Maƙwabci ne ban san kasuwar da ake samo shi ba, shekaruna kuma sun wuce na fara nema.

Allah ya ƙara girma, ya taya ka riƙo, ya sa ka gama lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Alhaji Rabo Garba Shema
Mai gida, Bayan Tashar Mota, Dutsin-Ma.